Feliway na soket: yana hana maguna fitsari a waje ko dai ɓarnar kuɗi ce?

Duk mai mage fiye da ɗaya a gida, in dai ɗaya daga cikinsu ta fara tsula fitsari a kafet ko bayan kujera, na san wani ya riga ya ce masa je ka sayi Feliway. To ni dai na saya, na jona, na zauna da shi, kuma hukuncina shi ne abun yana aiki amma fa aikinsa ɗaya ne tak, kwantar wa maguna da hankali. In matsalar gidanku ba ta tashin hankali ba ce, wallahi ko goma kuka jejjera a soket zarnin nan yana nan daram, babu inda za shi.

Ga wanda bai san shi ba, wata 'yar kwalba ce ta ruwa mai maiƙo da ake ɗaura mata kai mai fulogi, a jona a bango, kan ya ɗan ɗumama sai ruwan ya riƙa bin iska a hankali. Kamfanin Ceva na ƙasar Faransa ne ke yinsa. Kwalba ɗaya mil 48 ce, tana kai wata guda, kuma a takardar ciki sun ce tana isar wuri mai faɗin murabba'in mita 70. Kai ɗan Adam ba za ka ji ƙamshin komai ba, don haka kar ka tsaya kana shinshina kana cewa an cuce ni, ba don hancinka aka yi ba. Abin da ke ciki kwaikwayon feromon ne, wato sinadarin da maguna ke aika wa juna saƙo da shi, kuma suna da wata 'yar gaɓa a dasashin sama da suke ɗanɗana irin wannan warin da ita, shi ya sa wani lokaci za ka ga mage ta shinshina abu sai ta ɗago kai ta bar baki a ɗan buɗe kamar wadda aka faɗa wa mugun labari.

Inda mutane ke ruɗewa wajen saye shi ne kala-kala ne. Akwai Classic, wannan yana kwaikwayon abin da mage ke shafawa in tana goga kumatunta a ƙafar tebur ko a ƙwaurinka, saƙon dai shi ne nan gida ne, ba komai. Shi ake ba wa masu feshin fitsari a bango da masu yakushin kujera. Akwai kuma Friends, wanda a Amurka suke sayar da shi da sunan MultiCat, shi kuma kwaikwayon wanda uwa ke fitarwa a wajen nonuwanta ne lokacin da take shayarwa, an yi shi ne don magunan da ba sa ga maciji da juna. Daga baya sun fito da Optimum. Ni Friends na yi amfani da shi a falo da hanyar wucewa, na haɗa da Classic na fesawa, saboda da na lura da kyau rikicin gidana rikicin zaman tare ne.

Maguna uku ne da ni, muzuru ɗaya da aka yi wa fiɗiya tun yana ƙarami, sai babbar mace, sai 'yar autarsu. Kuma in ka zo gidan za ka rantse zaman lafiya suke, ba cizo ba kururuwa ba gashi yana tashi. Amma ku tsaya ku ji yadda babbar take yi. Za ta je ta miƙe a tsakiyar hanyar da ake bi zuwa wajen bahon yashi, wato banɗakinsu, ta baje kamar mai barci, ido ɗaya a ɗan buɗe, bakin jelarta kawai ke motsi tif tif a ƙasa. Sai ƙaramar ta taho, tana hango ta sai ta ja birki, ta zauna ta fara lasar kafaɗa kamar dama abin da ya kawo ta kenan, can sai ta juya ta koma. Ba a taɓa ta ba, ko tsawa ba a yi mata ba, amma an tare ta. Kuma mafitsara ba ta san haƙuri ba, an jima sai a tsinci jiƙa a kan tabarmar ƙofar banɗaki ko cikin kwandon wanki. Kamar dai ace fitsari ya matse ka a wurin taro ka je banɗaki ka tarar da wanda kake shakka ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa, bai ce maka kar ka shiga ba, amma ai kai ma ka san sai dai ka nemi lungu.

To irin wannan ne Feliway yake taɓawa. Ba dare ɗaya ba fa, su kansu masu shi sun ce a ba shi aƙalla wata guda a jone ba cirewa. Abin da na fara gani bayan 'yan makonni shi ne kallon-kallon nan ya ragu, ƙaramar ta fara wucewa ta gefen babbar ba tare da ta yi ƙasa da ciki tana sanɗa ba, har wata rana na same su a kan kujera ɗaya kowa ya juya wa ɗan uwansa baya, wanda a wajen maguna wannan babban ci gaba ne. Abota dai ba su ƙulla ba, kuma ban sa ran za su ƙulla ba. Amma gaskiya bazan iya rantsuwa in ce kaso kaza na Feliway ne ba, saboda a lokaci guda na canza tsarin bahunan gaba ɗaya, kuma a ganina canjin bahunan ne ya ɗauki kaso mafi tsoka.

Masana ma kansu bai haɗu ba a kansa. A 2010 wasu likitocin dabbobi sun tattara binciken da aka yi kan feromon na maguna da karnuka suka ce hujjar ba ta da ƙarfi sosai, a 2011 kuma wasu suka tattara na feshin fitsari kaɗai suka ga yana rage yawan feshin. Ragewa fa, ba kashewa ba. Wannan ya yi daidai da abin da na gani da idona.

Kafin ma a kai ga soket, don Allah jama'a a fara da likita. Mage mai fitsari a waje sau da yawa ba iskanci take ba, ciwo take ji. Akwai kumburin mafitsara da yake kama maguna matasa da masu matsakaicin shekaru, wanda in an auna ba a samun ƙwayar cuta, damuwa ce ke tayar da shi, to in ta ji zafi a cikin baho sai ta ɗora wa bahon laifi ta koma neman wuri mai laushi ko mai sanyi kamar tayil da bahon wanka. Akwai tsakuwar mafitsara. Tsofaffi kuma akwai ciwon ƙoda da ciwon suga da ke sa su shan ruwa da yawa su yi ta fitsari, ga ciwon gaɓoɓi da ke hana su haura baho mai dogon baki. Wanda ya fi duka haɗari na muzuru ne, saboda hanyar fitsarinsa siririya ce tana iya toshewa. In kuka ga namiji yana ta sintiri zuwa baho yana yunƙuri yana kuka ba abin da ke fita, ko ɗigo kaɗan da jini, yana yawan lasar gabansa, wannan ba maganar a jira gari ya waye ba ce, cikin kwana biyu ko uku yana iya mutuwa. Kuma kar tausayi ya sa a ba shi farasitamol, guba ce ga mage, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Sai kuma a gane wane irin fitsari ne, don iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Mai feshi a tsaye take yi, ta juya wa bango ko labule ko ƙofa baya, jela a miƙe sama tana karkarwa, tana ɗan taka ƙafafun baya, ta watsa kaɗan ta wuce abinta ko tono ba ta yi. Wannan alama take sawa, tana cewa nan nawa ne, kuma yawanci tana ci gaba da shiga baho yadda ta saba. Mai tsuguno kuwa fitsari ne na gaske mai yawa a kan abu shimfiɗaɗɗe, har ta yi ƙoƙarin binnewa, wannan kam bahon ne ba ta so ko ba ta samun isa gare shi. Fiɗiya tana maganin yawancin feshi, amma kusan ɗaya cikin 10 na mazan da aka yi wa da ɗaya cikin 20 na matan suna ci gaba, musamman in gidan ya cika da maguna ko suna hango baƙuwar mage ta taga. In fitsarin duk a gindin taga yake ko bakin ƙofar waje, a duba waye ke shawagi a wajen da daddare, wani lokaci rufe ƙasan gilashin yadda ba za su hango ba ya fi kowace kwalba amfani.

Gano mai laifin ma aiki ne, kowa in ka kalle shi sai ya yi fuskar salihai. Ana iya ware su ɗaya bayan ɗaya a ɗaki, matsalar dai ware su kanta tana canza halin, wadda ake tarewa in ta samu ɗaki ita kaɗai sai ta daina, ka ɗauka ba ita ba ce. Ajiye tsohuwar waya tana ɗaukar bidiyon wurin ya fi sauƙi. Likitoci kuma suna da wani rini da ake ba mage ɗaya ta haɗiya, fitsarinta ya riƙa ƙyalli sosai a ƙarƙashin wata tocila ta musamman mai shuɗin haske da ake kira UV.

Yanzu maganar baho, wadda ita ce gundarin abun. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin maguna na Amurka da na duniya suka sa a jagorar da suka fitar a 2014 ita ce kowace mage baho ɗaya sannan a ƙara ɗaya, maguna uku baho huɗu kenan. Amma abin da ake mantawa shi ne in ka jera huɗun nan a lungu ɗaya to a wajen mage banɗaki ɗaya ne, kuma mai tarewa ɗaya ta ishe su duka. A rarraba su, yadda babu wata mage da za ta kwanta a wuri ɗaya ta sa ido a kan biyu. In gidan bene ne kowane hawa ya samu nasa. A nisanta da wajen cin abinci da ruwa, a nisanta da injin wanki da duk abin da zai tashi da ƙara ba zato. Kuma su ma kwanukan abinci da na ruwa a raba musu, kowa da kusurwarsa, haka wurin kwanciya da wurin hawa sama, don duk abin da ya zama guda ɗaya a gida to akwai wadda za ta mallake shi.

Girman baho kuma, tsayinsa ya kai tsayin magen sau ɗaya da rabi, daga hanci zuwa gindin jela. Yawancin waɗanda ake sayarwa da sunan na maguna ƙanana ne, babban muzuru in ya shiga rabin jikinsa a waje yake, sai ka ga ya yi niyya mai kyau amma fitsarin ya sauka a gefe. Babbar robar ajiye kaya wadda aka yanke mata gefe ɗaya don shiga ta fi su nesa ba kusa ba. Akwai wani mai murfi da 'yar ƙofa mai lilo da nake da shi, kyakkyawa a ido, ba sai na kama sunan kamfanin ba, wannan kam ya zama tarko, ƙofa ɗaya ce shiga da fita, babbar sai ta haye saman murfin ta jira, ƙaramar na leƙowa ta kai mata mari. Ga wari da yake tarawa a ciki. Na cire murfin na jefar. Mage tana so in tana tsugune ta ga ko'ina kuma ta san tana da hanyar gudu fiye da ɗaya.

Yashin kuma mai laushi mara turare, irin mai dunƙulewa in ya jiƙe, zurfin santimita 3 zuwa 5. Mai ƙamshin lemo ko furanni don mu aka yi shi, su takura musu yake. A kwashe dunƙulen da kashin aƙalla sau ɗaya a rana, a gidan maguna da yawa ma safe da yamma ya fi, lokaci-lokaci a juye duka a wanke da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi. In kana shakkar wane yashi suke so, ka ajiye baho biyu gefe da gefe da yashi daban-daban, su da kansu za su kaɗa ƙuri'a.

Sai wanki, wanda in ba a yi shi daidai ba duk abin da na faɗa a sama aikin banza ne, saboda duk inda zarni ya rage mage za ta koma ta sabunta. Fitsarin mage daban yake da na sauran dabbobi wajen naci, yana da kauri, ga wani sinadari mai ɗauke da farar wuta da ake kira felinin wanda muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi kowa yawansa, shi ne in ya kwana yake rikiɗa ya ba da wannan ɗoyin mai hawa kai. In ya bushe kuma yana barin gishiri-gishiri a cikin zare wanda ruwa da sabulu ba sa fitarwa duka, shi ya sa za ka wanke kafet ka ji fes, ranar da iska ta yi laima sai warin ya dawo kamar jiya aka yi. Abin da ke cinye shi shi ne ruwan wanki mai enzayim wanda aka yi don fitsarin dabbobi. Kuma ba fesa-ka-goge ake masa ba, a fara danne wurin da tsumma a tsotse abin da ya tsotsu, sannan a kwarara shi ya jiƙa har ƙasa iyakar inda fitsarin ya kai, har ma a zarce gefe don a ƙasa ya fi faɗi, a bar shi ya daɗe a jiƙe yadda aka rubuta a jikin robar, sannan ya bushe da kansa. Tsohon tabo sai an maimaita. Soson kujera da ya sha ya ƙoshi kuwa wani lokaci haƙuri kawai za a yi a canza shi.

Kar a sa abin wanki mai amoniya, don fitsari in ya ruɓe amoniya yake zama, kamar ka rubuta mata nan ne wurin. Bilic a kan ɗanyen fitsari yana tayar da iska mai cutar da huhu, balle a haɗa shi da amoniya. Maganin kashe ƙwayoyin cutar nan da yake komawa fari kamar madara in an zuba a ruwa shi ma a kiyaye, hantar mage ba ta iya sarrafa irinsa, ta taka ta lashe ƙafa an shiga uku. Injin wanki mai tururi kuma zafinsa dafa tabon yake a cikin zare. Tocilar shuɗin hasken da na ambata ita ma ku nema, a kashe fitila da daddare a haska, busasshen fitsari zai fito ruwan ɗorawa-kore. Ku dai shirya zuciyarku kafin ku haska bayan labule. Sai dai ragowar garin sabulu ma yana ƙyalli, don haka a haɗa da hanci.

Duka da tsawa da cusa mata hanci a fitsarin, wannan ba ya koya mata komai sai tsoronka, kuma tsoro ne dama ya kawo matsalar.

In koma kan na'urar kanta, wajen jonawa akwai 'yan ƙa'idoji da in aka saɓa asara ce. A tsaye ake jona ta, a soket ɗin da iska ke wucewa, ba bayan kujera ko labule ko ƙarƙashin kanta ba, don tururin mai maiƙo ne zai tsaya a jikin abin da ke samansa maimakon ya zaga ɗaki. A sa ta inda magunan suka fi zama, ba a saman bahon yashi ba. Kan yana ɗan ɗumi, haka aka yi shi, kuma sun ce a canza shi duk wata 6. Na fesawar kuma akwai sinadarin barasa a ciki, a fesa a wurin da aka riga aka wanke ya bushe, a jira minti 15 kafin mage ta zo, kuma ba a jikinta ake fesawa ba. Abin da zai ɗan ci aljihu shi ne sayen kwalba duk wata, in gidan babba ne ma guda ɗaya ba za ta isa ba, to mutum ya yi lissafinsa tun farko. Ni da abubuwa suka lafa na bar ɗaya kawai a hanyar wucewar nan, sai in za a yi baƙi ko a motsa kayan ɗaki in ƙara ta biyu.

Wa ya kamata ya saya? Wanda likita ya duba magunansa ya ce lafiyarsu ƙalau, ya ƙara bahuna ya rarraba, ya wanke tsofaffin wurare da enzayim, amma har yanzu yana ganin ana hararar juna ana tare hanya, ko an kawo sabuwar mage, ko an tashi zuwa sabon gida. A irin wannan zan ba shi huɗu cikin biyar. Wanda kuma yake da maguna huɗu da baho ɗaya mai murfi a bayan ƙofa, ya ajiye kuɗin ya sayi robobi tukuna. In an yi duk wannan wata biyu ya wuce feshin bai tsaya ba, a koma wa likita, akwai magungunan rage damuwa irin su fluoxetine da clomipramine da suke rubutawa maguna, kuma su ne za su auna nauyinta su faɗi adadin, ba a ɗebo na mutane a gutsura mata ba.